Kawu da Akwatin Lemonsa

Duk wanda ya san ni a Dubai, daga Deira har bakin iyakar Sharja, ya san ba a ganin hawayena a gidan rasuwa. Ni ake kira in riƙe masu faɗuwa. Ni ke raba ruwa, ni ke jera takalma a ƙofa, ni ke sa maraya murmushi tun kafin addu'ar uku. Na sha faɗa a gaban jama'a cewa idanuna Allah ya yi su ne don kallo, bai sa musu famfo ba.

To ranar da muka dawo daga binne Kawu, na shiga fulat ɗinsa na Al Nahda da niyyar kama aikina. Na cire takalmi, na ɗaga kai, na hango kujerarsa ta gefen taga babu kowa a kai. Sai na ji wani sauti kamar an taka wutsiyar akuya. Na waiga ina neman wanda zan lallasa. Ashe ni ne. Na yi kukan da sai da maƙwabcinsa ɗan Pakistan ya tsallake 'ya'yan mamacin na cikinsa, ya zo ya rungume ni yana “sabar, habibi, sabar”, wato in yi haƙuri, a zatonsa ni ne babban ɗa. Can sai ga kwalin tishu daga ɗakin mata, da saƙon Hajiya, matar marigayin: a ce wa ɗan Yaya ya sassauta, mata ba sa jin addu'a.

Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma, da mai famfo a ido da marar shi.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya sa yake ce mini ɗan Yaya har furfura ta fito mini. Injiniyan ruwa ne. Ya yi aiki a Kano, sannan wani kamfani mai mayar da ruwan teku ruwan sha ya ɗauko shi nan, tun lokacin da dogayen benen garin nan ba su kai a kira su dogaye ba. Ya yi ritaya ya ƙi komawa gida, wai gwiwarsa ta saba da lif. Ya rasu ya haura tamanin, a kan gadonsa, da kalmar shahada a baki. Babu wanda zai ce an yi masa gaggawa. Shi ya sa zaman makokin ma, in ka cire ni, bai yi ɗaci ba. Mutane na share ido suna dariya.

Amininsa, wani dattijo ɗan Damagaram mai harkar kayan yaji a Al Ras, wanda dukkanmu muke kira Tonton, ya zauna a ƙasa ya jingina da bango, carbi a hannu amma ba ya ja. Duk wanda ya ce masa ya haƙuri, sai ya ce, “Haƙuri da sauƙi, mon cher. Amma da wa zan yi faɗa yanzu?” Babban ɗan Kawu da ke Amurka bai samu jana'iza ba, ya iso washegari da jajayen idanu da jaka ɗaya, ya tsaya tsakar falo ya ce shi fa har yanzu akwai gardamar da ba su ƙarasa ba da Baba. Shugaban ƙungiyarmu ta Hausawa mazauna nan, mai kamfanin kago a kasuwar Murshid, ya zo da manyan tire-tire na shinkafa kamar zai ciyar da filin jirgi.

Sai kuma ƙanin matata. Shi bai zauna ba ko sau ɗaya. Shi ya shiga kabari ya karɓi gawa, shi ya yi ta wanke faranti a kicin kamar an ɗauke shi aiki. Baƙi suna tambaya ko ɗan gidan ne. Ba ɗan gidan ba ne. Mutum ne da saura ƙiris a sa shi a jirgi da matarsa da 'ya'yansa a mayar da su gida, a hana shi sake shigowa ƙasar nan, kuma tsohon da ya zaga ne ya tsaya masa. Saboda wannan labarin nake rubutun nan, don yaran da suka zo kwanan nan ba su san komai game da Kawu ba sai tsoho mai sanda da ke ce wa direban tasi ya rage gudu.

Amma sai na fara da akwatin, in ba haka ba ba za a gane ba.

A falon Kawu, ƙarƙashin teburin talabijin, akwai akwatin lemo na roba, ja, irin wanda ake jera kwalabe a ciki. Hajiya ta yi yaƙin duniya a fitar da shi, ta sha kaye. Ta taɓa lulluɓe shi da kyalle mai fure ta ɗora masa tukunyar turare, ya dawo daga masallaci ya cire ya ce ba a sa wa majalisa ɗankwali.

Asalinsa daga Amurka ne, ba akwatin ba, al'adar. Kawu ya je can karatu yana saurayi, lokacin soja ke mulki a gida. Wani ƙaramin gari ne mai sanyin da, a faɗarsa, in ka yi sallama sai bazara ake amsa maka, don maganar daskarewa take a iska. Wannan ƙarin nasa ne, ba nawa ba. A gidanmu gado ne.

Makonsa na farko, yana fitowa daga ƙofar jami'a, ya ga wani bature ramamme ya hau akwatin lemo yana zagin shugaban ƙasarsu. Da suna. Yana ce masa maƙaryaci, yana ce masa ɓarawo. Ga ɗan sanda tsaye a gefe da bindiga a ƙugu. Kawu ya ce bai san lokacin da ya zubar da littattafansa ya faɗa bayan wata mota ba, yana jiran ƙarar harbi. Shiru. Ya leƙo. Ɗan sandan burodi yake ci.

Ya ce ranar bai yi barci ba don murna. Ya rubuta wa mahaifiyata cewa ya zo ƙasar da bakin talaka nasa ne.

Murnar ba ta daɗe ba. Bayan 'yan makonni baturen ya gaji da shugaban ƙasa ya koma kan baƙi. Ya nuna Kawu da yatsa, ya ce irin waɗannan ne ke cinye musu gurbin karatu, a mayar da su dajin da suka fito. Kawu ya tafi wurin ɗan sandan nan, ya ce, ranka ya daɗe, kana ji ana zagina. Ɗan sandan ya ce ya ji, kuma maganar banza ce, amma da yake zagin shugaban ƙasa ma bai taɓa shi ba. In dai bai ɗaga maka hannu ba, babu ruwana. In kana da amsa, kantin can suna da akwati.

Kawu ya je ya aro. Ya dasa shi kusa da na baturen, ya hau, ya yi jawabi da Turancin makarantar Kano, wanda rabinsa ma bai fito ba saboda sanyi. Ya ce mutanen da suka tsaya saurarensa ba su cika mota ɗaya ba, kuma ɗaya daga ciki kare ne. Amma da ya sauko, in ji shi, ya ji ya fi tsayin da ya hau da shi.

Tun daga nan duk gidan da ya zauna sai ya ajiye akwati. Kowace Juma'a bayan an sauko, muna taruwa a wurinsa cin abinci, kuma dokar ba ta da yawa. Wanda ya hau akwati, ba a katse shi har ya sauko da ƙafarsa. Ba a cin abinci mutum na sama. Wanda aka ambata yana da hawa bayansa. Ba a zagin wanda ba ya nan, don wannan giba ce, kuma Kawu ya ce tun kafin Amurka ta san kanta addini ya hana. Sai ta ƙarshe, wadda yake faɗa yana rufe taga: “Mu baƙi ne a garin mutane. 'Yancin akwatin nan iyakarsa bakin ƙofa. Masu gari ba sa cikin ajandarmu, khalas.”

Jikarsa ta taɓa hawa tana da ƙananan shekaru, ta ce Kaka yana munshari kuma yana cinye ƙashin kaza da ya kamata a bar wa yara. Ya saurara har ƙarshe, hannu a ƙirji. Ya hau ya amsa laifin ƙashi, ya musanta munshari.

Kada wani ya ɗauka Kawu ɗan amshin Amurka ne. Wannan zargin Tonton ne, kuma a kansa suka shekara talatin da wani abu suna faɗa. Tonton ya yi bokon Faransanci, ya tsani Faransa, amma ya ajiye wa Amurka tsana ta musamman a wani aljihu daban. Yana shigowa, tun bai cire hula ba, zai fara.

“Ina ɗan Amurka? Ka ji abin da mutanenka suka yi yau? Liberté, liberté, sai bam a kan talakawa. Iraƙi fa? Ka tambayi Iraƙi 'yancin magana!”

“Hau akwati, Malam, kada ka yi mini ihu daga ƙasa.”

“Ba zan hau kujerar 'yan mulkin mallaka ba!”

Sai ya hau. Ya fi kowa hawa. Akwai gefen da ya lotsa, ƙafarsa ce.

Amsar Kawu ba ta canzawa sosai. Yakan ce shi bai taɓa cewa mutanen kirki ne duka ba. A garin nan na sanyi, akwai mai askin da ya dube shi ya ce ba ya taɓa irin gashinsa, akwai matar da ta ce ɗakin haya ya kama da ta ga fuskarsa, alhali allon na rataye. Bayan abin da ya faru da dogayen benen New York, ya je ganin ɗansa aka ware shi a filin jirgi, da furfurarsa, aka yi ta tambayarsa masallacin da yake salla. Duk ya san wannan. “Abin da na ce shi ne, sun zauna sun rubuta abin da ya fi ƙarfin halinsu. Sun ce kowa daidai yake, suna riƙe da bayi. To amma sun rubuta. Bayin nan da jikokinsu da wannan rubutun suka yi ta dukan ƙofa har ta buɗe. Ni ƙasar da za ka iya kunyata ta da maganar bakinta nake girmamawa, ba gwamnatinta ba.”

Tonton ya ce, “Voilà, munafunci mai satifiket.”

Kawu ya ce, “Na yarda. Amma ka faɗi haka a tsakiyar babban birninsu ka koma gida ka ci tuwo.”

Sau ɗaya faɗan ya yi tsanani da gaske. Tonton ya ce masa bawan Turawa, ba cikin wasa ba, ya fita ya bar takalmi ɗaya. Juma'a biyu bai zo ba. Kawu bai kira shi ba, bai kuma bari a ci abinci da daɗi ba, sai ya yi ta duban ƙofa. A ta uku ya sa ni na kai shi Al Ras, muka ratsa lungunan nan masu ƙamshin kanumfari da citta, ya tsaya a ƙofar shagon da takalmin a leda. Ya ce, “Na zo ne in ji ƙarshen maganar. Ka sauka ba ka gama ba.” Tonton ya fashe da dariya har ya zauna kan buhun barkono, ya tashi ba shiri.

Zaɓen Amurka kuwa sallarsa ce ta uku, shi da ba shi da ƙuri'a ko ta zaɓen mai unguwa a can. Da yake darensu safiyarmu ce, sakamako da hantsi yake iske mu. Sai Hajiya ta soya ƙosai ta dama kunu, mu kuma mu ƙirƙiro ciwon kai a wurin aiki mu hallara. Shi yana bayan jam'iyyar masu alamar jaki. Babban ɗansa, da ya zama ɗan ƙasa a can, ya koma bayan masu alamar giwa, wai haraji ya ishe shi kuma makarantun yara sun lalace. Na zaci Kawu zai tsine masa. Na ma shirya zan ba da haƙuri. Sai na ji shi a waya yana cewa, “Ka yi zaɓen banza, amma ka fita ka yi layi? To Allah ya yi maka albarka.” Ya kashe ya dube ni ya ce, “Ɗan Yaya, na haifi ɗan adawa. Ka san mutum nawa ne suka mutu ba su samu wannan ba?”

Yanzu sai ƙanin matata.

Mutum ne mai zuciya a bakin hanci, akawu ne a kamfanin kagon shugaban ƙungiyarmu, kuma bizarsa da ta iyalinsa a hannun kamfanin take. Wani bawan Allah ɗan garinsu, mai ɗaure kaya a Murshid, ya kwanta asibiti a Sharja har ya warke babu ɗaya daga manyan ƙungiya da ya leƙa shi. A makon ne kuma aka ga hotunansu a otal suna tarbar wani babban baƙo daga gida, kowa da babbar riga. Sai mutumin naku ya ɗauki waya, ya shiga zauren ƙungiya na waya inda kowa da kowa yake, ya saki saƙon murya. Ya ce shugaba ba shugaba ba ne, mai ɗaukar hoto ne da ya samu kwantena. Ya ce dattawan ƙungiya tukunyar shinkafa kawai suke wa biyayya. Ya ce akwai wani tsoho da ya je Amurka tun jirgi na amfani da gawayi, ya dawo ya ishe mu da 'yanci, 'yanci, amma Sharja ta yi masa nisa. Ya rufe da ni. Ya ce da wani mai tumbi da ke dariyar labarinsa tun kafin ya bayar.

Wannan na ƙarshen ƙarya ce tsagwaronta. Ina bari in kai tsakiya.

Wanda bai zauna nan ba zai ce ai magana ce. A nan ba magana ba ce. Zagin mutum ta waya laifi ne da hukuma ke kamawa, kuma baƙo in ya faɗa ciki, ƙarshensa jirgi. Shugaba ya rantse zai kai ƙara, ga muryar a ajiye, ga shaidu sun fi a ƙirga. Ko bai kai ba, ya kore shi daga aiki, biza ta tafi. Yara uku a makaranta. Matata ta daina cin abinci, ta daina yi mini magana sai da ido. Da na ce ai shi ya jawo, ta ce, “Abban yara, tumbin ne ya yi maka zafi ko gaskiyar?” Na fita shan iska.

Kawu ya kira shugaba ya ce, “Alhaji, a cikin muryar nan wa aka fi daɗewa ana zagi?” Ya ce kai ne, Baba. “To ni ke da haƙƙin farko. Ka ba ni zuwa Juma'a. In an tashi daga gidana zuciyarka na nan yadda take, ga hanya.” Babu mai ce wa Kawu a'a kai tsaye. Ya yarda, yana huci.

Ranar falon ya cika har kicin. Ƙanin matata ya rakuɓe a bakin ƙofa kamar wanda ya zo gyaran famfo. Kawu ya jawo akwati tsakiya, ya sa aka kunna muryar daga farko har ƙarshe. Da aka zo wurin jirgin gawayi ya yi dariya har ya nemi ruwa. Shi kaɗai. Shugaba ya hau, ya yi magana gajeriya mai zafi: ya ɗauki yaro aiki, ya kawo masa iyali, yaron ya saka masa da tozarci a gaban duniya. Ya sauka kowa na gyaɗa kai, har da ni.

Sai Kawu ya ce a inda ya yi karatu, ko wanda aka kama da wuƙa a hannu sai an ba shi mai kare shi, in ba shi da hali hukumar da ke tuhumarsa ce ke nemo masa. Ya ce yaron nan in ya buɗe baki yanzu zai ƙara ɓata lamari. Ya juya idonsa a falon a hankali, ya wuce wani lauya na gaske da ke zaune, ya wuce malamin jami'a, ya tsaya a kaina.

“Ɗan Yaya, hau.”

“Kawu, ni ma fa an zage ni.”

“Shi ya sa za a yarda da kai. Yalla.”

Jama'a, ban san ina da abin nan a cikina ba. Na hau akwatin nan ya yi ƙara, Tonton ya ce a kira wa akwati motar asibiti. Na fara da Annabi Adamu, don in nuna kuskure tsohon abu ne. Na gangaro kan kakarmu da akuyarta mai cin sabulu. Na ba da tarihin ranar da na je neman aure, wannan mai laifin yana ɗan yaro ya zuba mini gishiri a shayi, na nuna cewa tun asali bakinsa da hannunsa ba sa shawara da kansa. Na yi bayanin cunkoson hanyar Sharja da yamma, don a yi wa dattawa adalci, na kwatanta yadda mutum ke shiga da baƙin gashi ya fito da jika. Na koma kan asibiti, na faɗi yadda ni kaina na taɓa kwanciya aka cire mini tsakuwa, ina kallon ƙofa kamar maraya, duk wanda ya wuce sai in ɗauka nawa ne. A nan falon ya yi tsit. Sai na ga tsit ɗin ya yi yawa, na koma kan akuya.

Shugaba ya duba agogo. Ya buɗe baki, Kawu ya ɗaga yatsa ɗaya, ya rufe. Ƙamshin miyar taushe da masa ya taso daga kicin ya zagaye mu, cikin wani ya yi kuka a fili. Da na kwaikwayi yadda manyanmu ke tsayawa a hoto, ciki gaba, ido sama, na ga kafaɗar shugaba tana rawa, ya rufe baki da hula. Na yi la'asar a kan akwatin nan a zuciyata, aka ba ni hutu aka yi ta a fili, na koma na ɗora daga inda na tsaya. Ban sauko ba sai da aka kira magariba.

Kawu ya ja salla. Wurin daidaita sahu ya kamo hannun ƙanin matata ya dasa shi kafaɗa da kafaɗa da shugaba. Da aka sallame, bai hau akwati ba, daga kan darduma ya yi magana.

“Rabin abin da yaron nan ya faɗa rashin kunya ne. Rabi gaskiya ne, don ni ban je Sharja ba, kuma ina da direba a gidan nan kyauta.” Ya nuna ni. “In muka kai shi hukuma, za mu ce saboda rabin farko ne, amma Allah ya san saboda na biyu ne. Ni nawa zagin na yafe. Alhaji, naka naka ne.”

Aka kawo abinci a tire, aka zaunar da su biyun a tire ɗaya. Ƙanin matata ya ce, “Alhaji, na yi kuskuren lafazi, a yafe mini. Amma maganar asibiti ban janye ba.” Na ce shi ke nan, ya kashe mu. Shugaba ya daɗe yana tauna masa. Sannan ya tura masa naman da ke gabansa ya ce, “Ci, marar kunya. Litinin ka zo da wuri, akwai kwantena.”

Washegari Asabar muka cika motoci muka je gaida mai ɗaure kaya a ɗakinsu, ya warke sarai, ya rasa inda zai zaunar da mu. Tun daga nan ba a sake kwantar da ɗan ƙungiya a asibiti ya kalli ƙofa a banza ba. Da Kawu ya kwanta asibiti a ciwonsa na ƙarshe, kafin a dawo da shi gida, sai da ma'aikatan jinya suka roƙe mu mu riƙa shiga da layi. Ƙanin matata ne ke yanke masa farce. Yaransa na nan a makarantarsu, babbar ma ta fara gardama da malamai.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa makwanci, ya sa ruwan da ya shayar da garin nan ya zame masa sanyi a can. Ya ba Hajiya da 'ya'ya juriya, ya ba Tonton abokin faɗa, ko da rabin na da ne.

Ranar addu'ar bakwai na ba da labarin nan a falo, kuma ban rage wa kaina komai ba. Na ce mutumin da ya ga manyan lauyoyin Amurka da idonsa, ya tsallake lauya da malamin jami'a ya zaɓe ni, to a yi lissafi. Da jama'a suka watse na leƙa kicin yi wa Hajiya sallama, na tarar tana juye sauran shinkafa a robobi. Na ce, “Hajiya, don Allah, Kawu ya taɓa gaya miki abin da ya hango a kaina ranar nan?”

Ba ta ko ɗago ba.

“Ya gaya mini tun ranar Alhamis. Ya ce a majalisar Amurka in ana so a hana wani abu wucewa, sai a samo mutum ɗaya ya yi ta zuba har kowa ya gaji, yunwa ta kama shi, ya manta abin da ya kawo shi. Ya ce ba mai hujja ake nema ba, mai dogon numfashi ake nema. Ya ce in rage wutar miya, yana da ɗan Yaya.”